Farin Tabo a Hoton Ƙirjina

Assalamu alaikum Hajiya,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali kada wasiƙar nan ta bi layi, domin saura kwana ashirin da uku in koma asibiti, ni kuwa na rasa abin da zan je in faɗa. Ki yi haƙuri da rubutuna. Karatun allo na yi, bokon nan da girmana na tsince shi a ajin yaƙi da jahilci. Sunayen da za ki gani ma na sauya su, don ba na son in tona asirin kowa sai nawa.

Shekarata arba'in da shida. A ƙasar Doguwa aka haife ni, aure ya kawo ni wani ƙauye a ƙasar Kiru. Malam, maigidana, yana noma yana kuma limancin masallacin unguwarmu. Ni kuma ina biya wa matan aure karatu a tsakar gida bayan la'asar, su goma sha huɗu. A da ke nan. Yanzu saura biyu, zan zo kan wannan.

Ciwon ya daɗe. Tun goyona na biyu yake, daga kwankwaso ya fara, wannan wata dama, wancan wata hagu. In na tashi da asuba sai in ji bayana kamar an ɗaura mini taɓarya. Sai na yi shara, na yi daka, jiki ya ɗau ɗumi, sannan ya sake ni. Kowa cewa yake mai ciwon baya hutu yake so, ni kuwa hutun ne ke ɗaure ni. Maƙwabciyata Luba takan ce a duk garin nan ni kaɗai ce matar da turmi yake yi wa magani. An ce sanyin Doguwa ne na taho da shi. An yi ƙaho, an yi gashi, har sakiya an yi mini, tabo uku na nan a bayana. Dunduniyata takan yi tsami. Sau biyu idona ɗaya ya yi jawur har na kasa duban haske.

Duk wannan na saba da shi. Amma shekara biyu ke nan ya hau ƙirji. Daidai inda ƙashin wuya ya haɗu da ƙashin ƙirji, a dama, wurin ya ɗan tasa kamar an cusa rabin goro ƙarƙashin fata. In atishawa ta taho mini sai in kama bango. Abin da ya fi damuna shi ne numfashi. Ƙirjin ba ya buɗewa. Ayar da nake kai ta ƙarshe da numfashi ɗaya, yanzu sai na yanke sau biyu, wani lokaci a inda ba a tsayawa, sai in koma baya in sake ɗaukowa, matan suna jirana da allunansu. In zan yi sallama a salla, sai na juya da dukan jikina. Amma Hajiya ba na tari. Ki riƙe wannan, ba na tari ko kaɗan.

Da aka gama cire masara Malam ya kai ni asibiti a Tudun Wada. Likita ya zagaya ƙirjina da abin awo irin na tela, ya ce in ja numfashi iyakar ƙarfina. Na ja. Ya ce in sake. Na sake. Ya dubi awon, sai ya ba mu takarda zuwa babban asibiti a Kano, a ɗauki hoton ƙirji da na kwankwaso.

To a nan sai na koma baya kaɗan, ki yi haƙuri. Mahaifina, Baffa, Allah ya jiƙansa, malami ne. Tun ina yarinya a duƙe na san shi. Mutane na cewa yawan sunkuyo kan littafi ne, wasu su ce tsabar tawali'u ce ta hana shi ɗaga kai. A ƙarshen rayuwarsa in za a duba jinjirin wata sai an shimfiɗa masa tabarma ya kishingiɗa, don in yana tsaye ƙasa kaɗai yake gani. Wata shekara na je gida, ya ga yadda nake tashi daga tabarma, hannu a gwiwa. Ya daɗe yana kallona. Bayan kwana uku ya ba ni laya, rubutun hannunsa, baduku ya ɗinke ta da jar fata. Ba ta kai akwatin ashana ba, amma tana da ɗan nauyin da ya fi girmanta. Ya ce akwai ayoyi a ciki, kada ta taɓa ƙasa, kada ta shiga bayi. Shekara ashirin da huɗu ban saɓa ba. Akwai ƙusa a bakin bayin gidanmu don ita kaɗai aka kafa. Na san waraka ta Allah ce, na kuma san malamai sun yi saɓani kan laya, Malam kansa ba ya yi, sai dai bai taɓa hana ni ba. Ba wannan nake tambaya ba. Abin da zan ƙara shi ne, da ciwon ya hau ƙirji sai na rage tsawon igiyar, don ta riƙa kwanciya a kan wurin da ke ciwon.

Ranar hoto mun yi sammako, achaɓa zuwa Kwanar Ɗangora, kowane rami sai na ji shi a haƙarƙarina, sannan bas zuwa Kano. Layi ya yi tsawo. Da azahar ta yi Malam ya tafi masallaci, bai fi minti biyar da tafiya ba aka kira sunana. Wata nas ta miƙo mini koriyar riga mai igiya a baya, ta tura ni wani ɗan lungu, ta ce in cire komai, ɗan kunne, sarƙa, duk abin da ke wuya, in zuba a kwando.

Hajiya, kwandon a ƙasa yake. Takalman matar da ta riga ni shiga suna ciki. Ƙasan a jiƙe, an yi guga, ga ƙofar bayi a gefe a buɗe. Na dubi bango huɗu ɗin nan, ko ƙusa ɗaya babu. Na cire layar, na riƙe ta a hannu, na tuna na ga masu hoton suna sa mutum ya dafa ƙugu da hannu biyu. Nas na bubbuga ƙofa tana cewa Mama akwai mutane a bayanki. Sai kawai na mayar da ita wuya, na tura ta cikin rigar, na ja wuyan rigar sama. Sai da muka hau mota za mu koma na tuna da na iya ƙulle ta a ɗankwali. A lokacin kaina bai kawo ba.

Mai ɗaukar hoton mutum ne mai ladabi, ko ɗaga ido bai yi ya dube ni ba. Ya tambaya, Mama an cire komai? Na ce na cire. A mota kuma Malam ya tuna da layar, ya tambaye ni yaya na yi da ita. Na ce na ajiye a gefe. Ƙarya biyu ke nan a wuni ɗaya, ni da nake hana matan karatu ko ta wasa.

Bayan mako muka koma. Likita ya maƙala hotunan a jikin wani akwatin fitila. Na kwankwaso ya fara nuna mana, ya ce gaɓoɓin da ke ƙasan ƙashin baya sun kusa haɗewa, akwai wani ciwo da ke kumbura gaɓoɓin baya har ya manne su, kuma yakan taɓa na ƙirji. Sai ya koma kan na ƙirjin. Can sama, daidai inda ke mini ciwo, ga wani farin tabo. Ya matsa kusa, ya ja baya, ya sake matsawa. Sai ya juyo ya tambaya ko akwai wani abu a wuyana ranar da aka ɗauka.

Wallahi na buɗe baki. Amma Malam ya riga ni. Ya ce shi da kansa ya tambaye ni na ce na cire, kuma shekara ashirin da takwas muna tare bai taɓa kama ni da ƙarya ba, likita ya ɗauki maganata kamar an rubuta an sa hannu. Yana faɗa yana murmushi. Ni kuwa layar na nan ƙarƙashin mayafina, ina jin ta kamar garwashi. Na sunkuyar da kai. Shirun nan shi ne ƙarya ta uku.

Likita ya ce to in haka ne farin nan bai kwanta masa ba. Mai yiwuwa ciwon bayan ne ya ci gaɓar har ƙashin ya yi kauri, mai yiwuwa tibi ne na ƙashi, mai yiwuwa wani abu dabam. Ya ɗebi jini, ya ba ni ƙwayoyi, ya sa mana rana. Ya ce in mun dawo zai yanke shawara, ko a tura ni a ciro ɗan ƙashi daga wurin a duba, ko a fara mini allurar tibi ta watanni.

Malam ya faɗa wa ƙanwarsa Rabi, da zuciya ɗaya. Cikin duk abin da likita ya lissafa, tibi kaɗai Rabi ta ji. Washegari ta zo ta ɗaura jan zare a hannun kofina, ta ware mini kwano, ta ce ba ƙyama ba ce Yaya, kiyayewa ce. Kafin Juma'a matan karatu sun watse. Jikokina in sun shigo daga zaure suke gaishe ni. Saura Luba, da wata tsohuwa mai nauyin ji da har yanzu labarin bai shiga kunnenta ba. Luba ta ce shekara goma muna tsoma hannu a kwano ɗaya, in tibi ne da tuni an yi sadakar arba'in ɗinta. Ita ma ban gaya mata zancen layar ba.

Kullum sai na tsaya gaban madubi na dubi inda layar ke kwanciya. Wurin ne. Wani lokaci in ce na ga kusurwa a jikin farin nan, irin ta ɗinkin baduku, anjima in ce raina ne ke raya mini. Na kasa zama wuri ɗaya, na share tsakar gida sau uku kafin azahar. In na ɗaga hannu in roƙi Allah ya sa layar ce, sai in tuna in ita ce to na sa limami ya yi shaidar da ba haka ba a gaban baƙo. Har na taɓa kama zuciyata tana fatan ya zama ciwon ne na gaske, don maganar Malam ta tsaya. A'uzu billahi. Wannan ne ya sa na ɗauki biro.

Hajiya, fata da takarda suna fitowa a hoto? In na faɗa wa likita ba zai kore mu ba? An ce hoto sau biyu yana busar da jini, gaskiya ne? Ko in ce a sake ɗauka kawai ban faɗi dalili ba? Ko in farke layar in ga abin da ke ciki? Ko in ƙi komawa gaba ɗaya in bar wa Allah? Kuma da wane baki zan dubi Malam?

Taki cikin damuwa,
'Yar Baffa, ƙasar Kiru

Wa alaikumus salam, Malama 'Yar Baffa,

Na ɗauko wasiƙarki daga ƙasan tuli na sa ta a sama, waɗanda na tsallake su yi mini afuwa. Na yi shekara ashirin da biyu ina aikin jinya, amma ban tsaya kan sanina ba, sai da na karanta ta ga wani likitan ƙashi da wani tsohon mai ɗaukar hoto da muka yi aiki tare.

Amsar a taƙaice: ki faɗa. Kada ma ki jira ranar da aka sa miki, ki tafi ranar da likitan zai zauna nan gaba.

Eh, laya tana fitowa a hoto. Fata da takarda kaɗai inuwarsu ba ta da ƙarfi, amma kin ce tana da nauyi. In akwai ɗan ƙarfe a ciki, ko kwalli, ko tsakuwa, fari tas za ta fito. Maɓalli ma yana fitowa, har jelar kitso tana fitowa. Likitanki ya san wannan, shi ya sa ya tambaya. Idonsa ya kai shi kusa da gaskiya, shaidar Malam ce ta dawo da shi. Ba zai kore ku ba. Mai yiwuwa ya yi ɗan faɗa, ki shanye. Tsohon abokin aikina dariya ya yi, ya ce da zai tara layu da gurayen da suka fito masa a hoto da ya buɗe shago a kasuwar Kurmi.

Zancen a sake ɗauka ba tare da dalili ba, ki bar shi. In farin ya ɓace a hoto na biyu, likita zai zauna yana tunanin ciwon da ke zuwa ya tafi cikin wata guda, ya ƙara shiga duhu. Farke layar ma babu buƙata. Ki tafi da ita yadda take. Mai hoto zai iya ɗora ta ita kaɗai a ɗauke ta, a gwada siffarta da farin da ke ƙirjinki, ba a taɓa ɗinkin ba. Hoto na biyu kuwa ba ya busar da jini. Ba abin yi kullum ba ne, amma ina shi ina wuƙa a ƙashi, ko allurar watanni da takan taɓa jin mutum, a kan ciwon da mai yiwuwa ba ki da shi?

Sai dai ba zan rufe ki ba. Ki shirya wa yiwuwar a cire laya farin ya ragu amma bai tafi duka ba. Kumburin da kike taɓawa da hannu ba laya ba ce ta kawo shi, ƙarancin numfashi ma haka. Likitan ƙashi ya ce irin ciwon bayan da aka gano miki yakan ci gefen gaɓoɓin ƙirji, ya ƙara wa ƙashi kauri, wani lokaci ya manne su. Ya ce kuma gaɓoɓin nan suna da wuyar gani a hoton gaba, don ƙashin baya da haƙarƙari suna faɗowa a kansu. Sai an karkata mutum, an kuma ɗauka ta gefe, a wasu manyan asibitoci ma akwai na'urar da ke ɗauka yanka-yanka. Saboda haka in aka ce za a juya ki a ɗauka sau biyu ko uku, kada ki tsorata. Abin da muke nema shi ne likita ya ga ƙashinki shi kaɗai, ya san iyakar ɓarnar, ya yi maganin abin da ke nan.

Akwai abin da kika rubuta mini a kan hanya, wanda ya fi ƙarfin a bar shi a jarida. Labarin Baffa. Kin faɗa wa likita yadda yake tafiya a duƙe? Kin faɗa masa tabarmar duban wata? Kin faɗa masa jan idon nan sau biyu, da dunduniya, da cewa aiki ke sake ki? Ina zargin ba ki faɗa ba, don ba a tambaye ki ba. Irin wannan ciwo yakan bi gida. Ina ganin ranar da Baffa ya daɗe yana kallonki, kansa ya gani, ya kuma ba ki abin da yake da shi. Ki kai wa likita labarin duka. In idon ya sake yin ja, asibiti a ranar, ban da tozali ban da jira. Sakiya kuma an gama. Ki ci gaba da motsa jiki, ki kwanta a miƙe da ƙaramin matashi, ki tambayi likita yadda za ki riƙa horar da numfashi.

Rabi tsoro ne ya kama ta, kada ki riƙe ta. Amma tibi ta tari yake bin iska, ke kuwa kin ce ba kya tari. Ki roƙi likita ya faɗa wa Malam a fili ko akwai abin gudu a zama da ke, shi kuma ya kai wa ƙanwarsa. Bakin da ya kawo maganar shi zai fi iya janye ta. Matan za su dawo, allunansu ma na nan jingine a ɗakinki.

Yanzu ga laifi. Ƙin sa sunan Allah a kwandon takalmi ba laifi ba ne, ni ma da ba zan sa ba. Kuskuren shi ne ba ki ce wa nas ga uzurina ba. Ita ma 'yar mutane ce, da ta riƙe miki. Sauran kuma kin san sunansa, ke kika ƙirga su uku, ba sai na ƙara miki ba. Amma fatan nan da kika kama zuciyarki tana yi, ki kore shi. Malam bai yi ƙarya ba, abin da ya sani ya faɗa. Mutuncinsa ba ya buƙatar ki ba da ƙashinki a yanka.

Shi za ki fara gaya wa, a gida, ku biyu, ba a gaban likita ba, ba a mota ba. Kada ki yi doguwar shimfiɗa. Ki ce Malam na yi maka ƙarya ranar hoto, ga dalili, ka yafe mini. Zai ji zafi, ki bar shi ya ji, kada ki cika shi da kuka don ya yi saurin haƙura. Mutumin da ya yarda aka kafa ƙusa a bakin bayi don abin da shi ba ya yi, ina kyautata zaton zai gane kwandon nan. Kuma matar da ta kasa zama wuri ɗaya saboda ƙaryar wuni guda, ba ta rushe shaidar shekara ashirin da takwas ba.

Ranar tafiya ki ɗauki farin ƙyalle mai tsabta. Ku yi azahar kafin ku shiga layi. In an kira sunanki, ki cire layar tun a kan benci, ki naɗe ta, ki sa a hannun Malam ya riƙe miki a aljihun gaba. Sannan ki shiga, in mai hoto ya tambaya ko an cire komai, ki ce masa na cire, ki ja numfashi iyakar yadda ƙirjin ya bari.

Allah ya ba ki lafiya, ya jiƙan Baffa, ya mayar miki da ayarki a numfashi ɗaya.

Hajiya Maijidda